Shagon kai mutane kallon ayu a Crystal River: yawon safe ya biya kuɗinsa, hayar jirgin yamma kuma sai a hankali

Duk wanda ke zaune a jihar Fulorida ta Amurka ko ya zo ziyara lokacin sanyi sai ya ji ana cewa a je Crystal River a ga ayu, to ga abin da na gani a ɗaya daga cikin shagunan da ke bakin ruwan. Kuɗi kashi biyu na biya su a wuni ɗaya, da safe kyaftin ɗinsu ce ta ɗauke mu muka shiga ruwa, da yamma kuma muka karɓi hayar jirgi muka tuƙa da kanmu. Ba zan kama sunan shagon ba, irinsu sun yi yawa a garin kuma wanda zai je abin da yake buƙata shi ne ya san me zai tambaya ko ma wane shago ya shiga. Na safen in kuna da hali ku biya kawai. Na yamman kuwa kar ku karɓi makulli sai kun tsare su da tambayoyi, don mutanen nan sun ɓata kusan rabin awa suna koya mana yadda ba za mu taɓa ayu da hannu ba, amma da aka zo ba mu jirgi mai inji da farfela, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ayun, bayanin bai kai na mai sayar da katin waya ba.

Garin yana gundumar Citrus, arewa da Tampa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Abin da ya tara ayu a wurin shi ne wani faffaɗan ruwa da ake kira Kings Bay, akwai idanun ruwa sama da 70 da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma ruwan nan digiri 22 yake ko ana sanyi ko ana zafi. Shi ayu duk girman jikin nan nasa ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka sai ciwo ya kama shi, fata ta fara yin fari-fari, daga nan sai mutuwa. Shi ya sa da sanyi ya shigo sai su baro teku su biyo kogin, wajen kilomita 11, su zo su taru a nan ɗari bisa ɗari. Tun 1983 gwamnatin tarayyar Amurka ta keɓe wani sashe na wurin musamman saboda su, kuma daga 15 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris akwai wuraren da ake zagayewa da igiya da balo-balo masu yawo a kan ruwa, ba jirgi ba mai iyo ba kowa, nan ne ɗakin kwanansu.

Mu a Janairu muka je, ni da maman yara da yaran da kuma Kawu, ƙanin mahaifiyata da ya zo mana daga Yawuri. Shi ne ma ya sa aka yi tafiyar, don da na ce masa a nan ana iyo da ayu cewa ya yi in daina yi masa tatsuniya, shi da ya tashi a bakin kogin Kwara yana jin labarin ayu wajen masunta, wanda ya kashe ɗaya sunansa ya fita a gari, nama daban mai daban, amma mai rai kusa da kusa bai taɓa gani ba. Na can gida da na nan ba iri ɗaya ba ne sak amma 'yan uwan juna ne na kusa.

Yawon safen tun a intanet ake kama wuri, mun biya wajen dala 70 kowane mutum, har da rigar roba da gilashin ido da bututun numfashi. Gari bai gama wayewa ba aka tara mu a wani ɗaki aka kunna mana bidiyon ladubban zama da ayu, wannan ba kirkin shagon ba ne, sharaɗi ne na hukumar kifi da namun daji ta tarayya ga duk mai lasisin kai mutane wurin, kuma a nan kam ba su yi wasa ba. Bayan bidiyon wata ma'aikaciya ta sake bin dokokin ɗaya bayan ɗaya, kar ka bi shi, kar ka nutsa kansa yana barci, kar ka tsokane shi da hannu ko ƙafa ko sanda, kar ka hau shi, kar ka ba shi abinci, kar ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ka kwanta kawai a saman ruwa ka yi lamo, in ya ga dama shi zai zo. Ta ce a dokar jiha tarar tana kai dala 500 ko kwana 60 a gidan yari, ta tarayya kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, har ɗaurin shekara. Maman yara ta tambaya ko za ta iya ɗora doguwar riga a kan rigar robar, aka ce ba matsala in dai ba mai jan ruwa da yawa ba ce, kuma akwai ɗakin canja kaya na mata daban mai ƙofa da sakata, wannan na yaba.

Kyaftin ɗin mace ce, dattijuwa, 'yar asalin gundumar, kuma gaskiya ita ce rabin kuɗin da muka biya. Tun daga tashi ba ta ɗaga totur ba, jirgin a silo yake tafiya, idonta a kan ruwa da baƙin gilashi irin mai kashe ƙyallin rana, tana tuƙi tana magana. Can sai ta zare giya ta nuna mana wani da'ira a kan ruwa, lumui kamar an zuba mai, sai wani a gabansa, sai wani, ta ce wannan sawun ayu ne, duk sanda ya kaɗa faffaɗar jelar nan tasa a ƙasa sai ruwan sama ya yi haka, in ka ga sun jeru to ka san inda ya dosa. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga hanci ya ɓullo, ƙofofi biyu suka buɗe, fuuu, suka rufe, ya koma. Abin da direban jirgi zai gani ke nan gaba ɗaya na dabbar da ta kai mita 3 da kilo wajen 450, hanci kamar dunƙulen hannu na daƙiƙa biyu. Kawu da ke zaune da bargo ya miƙe tsaye ya ce "Ikon Allah, ɗana wannan ai saniya ce a ruwa." Na ce Kawu ku zauna kar ku faɗa, ai ba ku ga komai ba tukuna.

Da muka shiga ruwan, wanda duk da ana ce masa mai ɗumi sai da haƙorana suka haɗu don iskar waje ta fi shi sanyi, akwai wani saurayi da ke shiga tare da mu yana riƙe da kyamara yana kuma lura da kowa, an ba kowa wata doguwar sandar soso ya sa a ƙarƙashin ciki don ƙafa kar ta taɓa ƙasa ta tada laka. Wani babba ya taso daga ƙasa a hankali ya wuce ta ƙarƙashina, kusa sosai har ina ganin gansakukar da ta fito masa a baya da 'yan gashi tsilli-tsilli da farce a bakin hannayensa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tabon da ke bayansa, layuka farare a jere, tazararsu ɗaya, tun daga kafaɗa har kusan jela, kuma gefen jelar a yanke yake. Farfela ce. Da na fara dubawa sai na ga kusan kowane babba da nasa, kuma ashe da tabon ma masu bincike ke gane su ɗaya bayan ɗaya. Hukumar namun daji ta jihar ta bincika gawarwakin da aka tattara na shekaru, ta samu kashi 96 cikin 100 na manya suna da tabon jirgi, kuma ɗaya cikin huɗu an buge shi sau 10 ko fiye. Kyaftin ta ƙara da wani abu da ban sani ba, wai yankan farfela da muke gani muna tausayi ba shi ne ya fi kisa ba, dukan jikin jirgi ne, saboda haƙarƙarinsa ƙashi ne mai nauyi marar ɓargo da ke tsagewa in an buge shi da ƙarfi, huhunsa kuma a shimfiɗe yake a tsawon baya, daidai inda jirgi ke samu.

Abin da zan rage musu a na safen ba shi da yawa. Wurin da kowa ke gani a hoto, Three Sisters Springs, mai ruwa garau ɗin nan, ranar a rufe yake ta ruwa saboda ayu sun cika shi, hukuma ce ke rufewa in sanyi ya yi yawa kuma daidai ne, an taɓa ƙirga sama da 500 a ciki lokaci guda, amma shafin shagon da hoton wurin ya yi ado kuma ba su rubuta a fili cewa zai iya kasancewa a rufe ba. Sannan cunkoso, jirage sun yi sahu a bakin mashigar, masu iyo sun fi ayun da ke waje yawa, 'yan sa kai a ƙananan kwale-kwale suna ta yi wa mutane alama su ja baya daga igiya. Hotunan ma sai ka sake biya, ba arha. Amma an ba mu koko mai zafi a hanyar dawowa, yara suka manta da komai.

To yanzu ga inda matsalar take. Bayan azahar muka koma karɓar jirgin haya, irin mai faffaɗan daɓe da rumfa da kujeru zagaye, yana zaune a kan dogayen tankuna biyu, rabin wuni wajen dala 250 ban da mai ban da kuɗin ajiya. Wani yaro ne a kanta, mai fara'a ba laifi, tambayarsa ta farko shekarar haihuwata. A dokar Fulorida duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1988 zuwa sama sai ya nuna katin koyon tuƙin jirgi ko ya yi wata 'yar jarrabawa a ba shi takardar wucin gadi ta kwana 90 kafin ya tuƙa inji mai ƙarfin doki 10 ko fiye, wanda ya girmi haka kuma ba ruwan kowa da shi. Ni na girmi haka, don haka a idon doka na iya, alhali furfura ba ta koya wa mutum tuƙa jirgi. Akwai dokar 2022 da ta wajabta wa masu ba da haya su sami izini su kuma yi wa mai haya bayanin tsaro kafin ya tashi, kuma a takarda sun yi, ya miƙo min fom mai akwatuna ya ce in sa hannu nan da nan da nan, ya nuna min makulli, giyar gaba, giyar baya, inda rigunan ceto suke, abin kashe gobara, anka, ya miƙo taswira da aka lulluɓe da leda wadda rana ta cinye launinta har ba ka bambance ja da ruwan goro, ya ce ka bi alluna kawai, kar ka wuce ƙarfe biyar. Shi ke nan ya kwance igiya.

Ka bi alluna, to wa ya ce na iya karanta su? A ruwan nan alluna iri-iri ne, farare masu zanen ruwan lemo, mai da'ira yana nufin akwai dokar gudu, mai kusurwa huɗu a karkace da gicciye a ciki yana nufin ba shiga, ga kuma ja da kore masu lamba da ke nuna layin da ruwa ke da zurfi, in kana dawowa daga teku ja yana hannun damanka, in kana fita yana hagu. Dokar gudun ma kashi biyu ce da mutane ke haɗawa, akwai silo zalla, wato iya abin da zai sa jirgi ya motsa sitiyari ya ji magana ba tare da ka tada igiyar ruwa ba, akwai kuma tafiya a hankali, wato jirgin ya zauna daram a cikin ruwa, hancinsa bai ɗaga ba, igiyar da yake bari kaɗan ce. Babu lamba a ciki, ba wanda ya ce maka kilomita kaza, yanayin zaman jirgin ake dubawa. Duk wannan daga bakin kyaftin ɗin safe na ji, don na yi ta tambayarta, wanda ya zo hayar yamma kai tsaye bai ji ko ɗaya ba.

Kuma mun ga sakamakon da idonmu. Wani jirgin haya irin namu ya wuce mu cike da matasa da kiɗa, direban a ransa yana bin doka don bai sake totur duka ba, ya tsaya a tsakiya, ba gudu ba silo, kuma wannan shi ne mafi muni a cikin duka, gindin jirgin ya nutse, hancinsa ya ɗaga sama har ba ya ganin abin da ke gabansa, farfela ta ƙara yin ƙasa inda ayu yake, igiyar da yake tadawa kuma ta fi ta mai gudu girma. Wata mata da yarinya a ƙaramin kwale-kwale sai da suka riƙe gefe da hannu biyu, saura kaɗan su kife a ruwan Janairu. Ka ga a nan abin da zai cutar da ayu shi ne dai zai cutar da mutum, bayani na minti biyu a bakin gaɓa zai hana.

Sai dai ba kullum abin ke tafiya tare haka ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin masu jirage na garin da ke ƙorafi ba duka maganarsu ce ta son kai ba. Jirgi ba shi da birki, kuma sitiyarinsa ba ya aiki sai farfela tana tura ruwa. Da la'asar iska ta taso, irin wannan jirgin mai rumfa da bango kuwa iska tana ɗaukarsa ta gefe, muna silo kusa da igiyar wani keɓaɓɓen wuri sai na ga ina juya sitiyari jirgin yana tafiyarsa a karkace zuwa inda aka ce ba shiga, ga masu iyo a ɗaya gefen. Dole ka ƙara totur kaɗan ya ji magana ka fita, kuma doka ta san da haka, shi ya sa ta ce iya gudun da zai ba ka ikon sarrafa jirgi, ba ta ce ka zauna iska ta yi yadda ta so da kai ba. Haka kuma in hadari ya taso, wanda a bazarar Fulorida kusan kullum da yamma ne da tsawa, dokar tarayya ta yarda mutum ya karya ƙa'idar gudu in don ceton rai ko dukiya ne. Mai haya ya kamata a faɗa masa wannan, in ba haka ba ko dai ya daskare don tsoron tara ko kuma ya ɗauka duk dokar wasa ce.

Tsarin nan ba jiya aka fara shi ba, kuma kokawa aka sha. Jihar ta yi dokar ayu a 1978, sannan a 1989 gwamna da majalisarsa suka umarci gundumomi 13 da ayu ya fi yawa, har da Citrus, kowace ta rubuta nata tsarin kariya, ina za a rage gudu, ina za a yarda a gina tashar jirage da mashigar sauke su, ina ba za a yarda ba. Dokar jihar da kanta ta ce kar a takura wa masunta da masu jirage fiye da kima, a bar musu layukan gudu inda ya yiwu, shi ya sa in ka fita kogin akwai inda aka yarda ka kai mil 25 a awa, wajen kilomita 40, muddin kana cikin layi tsakanin ja da kore, gefe kuma inda ciyawa take a hankali. In za a canja dokar gudu a gunduma ma sai an kafa kwamitin mutanen wurin, rabi masu amfani da ruwa rabi masu kare muhalli, su duba su ba da shawara.

Wanda ya fi burge ni shi ne rigimar 2012. Kafin lokacin akwai wani fili a cikin Kings Bay da ake sakin gudu da bazara har mil 35, masu jan mutum a kan allo da igiya da masu babur ɗin ruwa nan suke wasa. Hukumar tarayya ta kawo shawarar a mayar da ko'ina tafiya a hankali duk shekara tunda akwai ayun da ba sa komawa teku, mutanen gari suka tashi tsaye, kuma cikin hujjojinsu akwai wadda ta kama, cewa in ka kore masu wasan daga fili mai faɗi ba gida za su koma ba, kogin za su koma, inda ya fi ƙunci ga lanƙwasa ga jirage masu shiga da fita, sai ka ceci ayu ka jawo karo tsakanin mutane. A ƙarshe aka rage filin, aka rage gudun zuwa mil 25, da rana kaɗai, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta. Masu kare ayu ba su ji daɗi ba, masu jirage ma ba su ji daɗi ba, ni dai a ganina an yi hankali, kodayake wata biyu da rabin nan ayun da ya rage a wurin bai san da wata yarjejeniya ba. Akwai ma wani malamin jami'a, Edmund Gerstein, da ya daɗe yana cewa ayu ba ya jin ƙarar injin da ke tafiya a hankali sosai saboda sautin ya yi ƙasa, har masu adawa da dokar gudu suka riƙe maganarsa, amma gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar Mote ta Sarasota sun nuna yana ji, kuma ko ba ya ji, direba mai tafiya a hankali yana da lokacin gani, dukan ma in ya faru ba ɗaya yake da na mai gudu ba.

Lissafin ma ba ƙarami ba ne, jirage masu rajista a jihar sun haura miliyan 1, ayu kuma a ƙiyasin 2021 zuwa 2022 tsakanin 8,350 da 11,730, daga 1,267 da aka ƙirga ta jirgin sama a 1991, ƙaruwar da suka yi ce ma ta sa tun a 2017 aka sauke shi daga jerin masu dab da ƙarewa zuwa mataki na ƙasa. A 2019 kaɗai jirage sun kashe sama da 130. Shekarar 2021 da aka rasa wajen 1,100 kuwa yawanci yunwa ce, a gabashin jihar, ciyawar ruwa ta mutu saboda gurɓata har sai da hukuma ta koma watsa musu latas a ruwa. Na kawo wannan ne saboda a Kings Bay wata ƙungiyar mutanen gari mai suna Save Crystal River ta kashe shekaru da kuɗi tana tsotse dattin gansakuka daga ƙasan ruwa tana dasa ciyawa, har da kejin ƙarfe suke rufawa don ayu kar ya cinye kafin ta kama, kuma abin dariyar su ne dai suka matsa a sauke matsayin ayun a can baya. To wannan ciyawar, anka da farfelar ɗan haya ne ke tuge ta. Yaron shagon bai ce min uffan ba a kan inda zan jefa anka, bai kuma ce min ruwan nan yana cikowa yana janyewa da teku ba, wurin da ka wuce lafiya da ƙarfe biyu zai iya zama dutse da ƙarfe huɗu, ƙasan kuma dutsen farar ƙasa ne da ɓawon kawa, jirgin ba shi da na'urar auna zurfi, amma a fom ɗin da na sa hannu an rubuta da manyan baƙi nawa za su cire in farfela ta lanƙwashe.

Da muka dawo na nemi manajan na faɗa masa duk wannan cikin mutunci, na ce ku da kuke da kyaftin irin waccan me zai hana ta yi muku bidiyon minti biyar na masu haya, ko a sake buga taswirar nan. Ya saurara, bai yi gardama ba, ya ce lokacin sanyi layi yana yi musu yawa kuma yawancin masu haya sun saba, ya ce zai duba. Kuɗin ajiya sun dawo cif bayan 'yan kwanaki, man da muka sha ma lissafinsa daidai ne, jirgin da tsabta, injin bai ba mu matsala ba, a nan ba ni da ta cewa. Rigunan ceto na yara ne sai da maman yara ta sa aka canja, wanda aka fara ba ƙaramin ya yi masa yawa yana zamewa ta kai, alhali doka ta ce yaro ƙasa da shekara 6 dole ya sa muddin jirgin bai kai ƙafa 26 ba kuma yana tafiya. Kawu kam tun kafin a tashi ya ɗaure tasa tamau, ya ce shi ɗan Kebbi ne, ya san gidajen da aka yi zaman makoki bayan hatsarin jirgin ruwan Warra a 2021, ba mai yi masa wa'azin rigar ruwa.

In tauraro ake bayarwa, na safe huɗu da rabi, na yamma biyu. Wanda bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, musamman da yara ko dattijo, ya ƙara kuɗi ya ɗauki jirgi da kyaftin, suna da wannan tsarin kuma bambancin bai kai tashin hankalin ba. Wanda ya dage sai ya tuƙa, ya sa a nuna masa a taswira ina ne silo ina ne a hankali ina ne ba shiga, ya tambayi ƙarfe nawa ruwa zai janye ranar, ina ake jefa anka, ya sayi baƙin gilashin nan mai kashe ƙyalli ko na dala 15 ne, ya zaunar da mutum ɗaya a gaba aikinsa kallon ruwa kawai. Wanda kuma ba ya son shiga ruwa sam, akwai gadar katako da ta zagaye Three Sisters ana kallonsu daga sama da tikiti, akwai gandun Homosassa kudu da garin kaɗan, sannan 'yan Tampa ga Apollo Beach kusa da ku inda suke taruwa a ruwan ɗumin tashar wutar lantarki, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, shiga kyauta ne har da wurin ajiye mota.